Keke mai ƙafa uku da ke karkata a kwana, da abin da zai iya yi mana a Bauchi

Tukunya ba ta girgiza a kan duwatsun murhu uku, kuma saboda wannan ne mutane da yawa suke ɗauka cewa abin hawa mai ƙafa uku ya fi mai ƙafa biyu zama daram. Maganar gaskiya ce muddin abin hawan yana tsaye. Da zarar ya fara gudu ya nufi kwana, lissafin ya sauya, domin babur yana kwantawa zuwa cikin kwanar ya sha ta lafiya, shi kuwa Keke Napep ba shi da yadda zai kwanta, sai dai ya miƙe tsaye ya karɓi duk turin da ke neman jefa shi waje. Injiniyoyi a Turai da Japan sun shafe fiye da shekara 50 suna neman haɗa abubuwan biyu, wato abin hawa mai ƙafa uku wanda yake karkata kamar babur. Sun yi nasara a wasu wurare, sun yi asarar dukiya a wasu, kuma ina ganin akwai abin da ya shafe mu a cikin nasarar da asarar, tunda yau keke yana ɗauke da ɗimbin zirga-zirgar cikin garin Bauchi, daga Muda Lawal zuwa Yelwa, daga Wunti zuwa Gidan Mai.

Sai an fahimci dalilin kifewar keke kafin a gane amfanin karkata. Duk abin da ke tafiya yana son ya ci gaba da tafiya a miƙe, tayoyi ne ke tilasta masa lanƙwasa hanya. To, tayoyin suna riƙe da kwalta a ƙasa, nauyin abin hawan da fasinjojinsa kuwa yana can sama, a wani wuri guda da ake kira cibiyar nauyi. Ƙasa tana jan tayoyi zuwa cikin kwana, saman yana neman wucewa waje, sai abin hawan ya fara neman juyawa a kan tayoyinsa na waje. Ƙarfin wannan turi yana ƙaruwa da gudu ninki a kan ninki: idan aka ninka gudu sau biyu, turin ya ninku sau huɗu. A gudun kilomita 30 a awa, cikin kwanar da nisan tsakiyarta zuwa layin da ake bi ya kai mita 15, turin ya kai kusan kashi 47 cikin ɗari na nauyin abin hawan. Wannan ba gudu ba ne da wani direba zai ɗauka a matsayin ganganci, amma ya riga ya kai rabin nauyi saura kaɗan.

Abin da ke hana kifewa shi ne faɗin da ke tsakanin cibiyar nauyi da layin tayoyin waje, idan aka gwada shi da tsayin cibiyar daga ƙasa. A ƙaramar mota wannan faɗi ya fi tsayin, shi ya sa tayoyinta kan zame a kan kwalta tun kafin ta kai ga kifewa, direba ya ji kukan taya ya sassauta. Keke ba ya samun wannan gargaɗi. Tayoyinsa uku alwatika suka zana a ƙasa, mai tsini a gaba, mai faɗi a baya, layin da yake kifewa a kai kuwa shi ne wanda ya tashi daga tayar gaba zuwa tayar baya ta waje. Saboda haka faɗin da muke gani a bayan keken Bajaj ko TVS, kusan mita 1.3, ba shi ne ke aiki ba. Faɗin da ke aiki shi ne na daidai inda cibiyar nauyi take, kuma duk yadda ta matsa gaba, haka yake tsukewa.

A ƙaddara, don misali kawai, rabin tazarar tayoyin baya santimita 55 ne, cibiyar nauyi kuma tana kashi biyu cikin uku na tsawon keken daga tayar gaba, a tsayin santimita 70. Faɗin da ya rage mata kusan santimita 37 ne, wato keken zai ɗaga ƙafa idan turin ya kai kimanin kashi 52 cikin ɗari na nauyinsa, wanda a waccan kwanar ta mita 15 yake daidai da gudun kilomita 31 da ɗoriya. Yanzu a zaunar da fasinja kusa da direba, kamar yadda aka saba idan baya ya cika da mutum uku, a kuma ɗora buhu a kan rufi. Cibiyar ta matsa gaba, ta ƙara tsayi, ta kuma karkace zuwa gefe guda, sai iyakar ta sauko ƙasa da kilomita 28. Idan direba ya taka birki a tsakiyar kwanar, abin ya ƙara muni, domin birki yana tura nauyi gaba, can inda alwatikar ta fi tsukewa. Direbobin keke sun san wannan a jikinsu ko da ba su taɓa lissafa shi ba, shi ya sa za ka ga gogaggen direba yana zame jikinsa zuwa cikin kwana, yana kuma rage gudu tun kafin ya shige ta.

Karkata tana warware matsalar ta wata hanya dabam. Idan abin hawa ya kwanta zuwa cikin kwana, nauyinsa yana neman kayar da shi ciki, turin kwana yana neman kayar da shi waje, kuma akwai wata kusurwa guda da waɗannan biyun suke cinye juna. A wannan kusurwa duk ƙarfin yana bi ta tsakiyar abin hawan ya sauka a kan tayoyi, ba a buƙatar faɗi ko kaɗan, wanda ke zaune kuma ba ya jin ana tura shi gefe, sai dai ya ji ya ɗan ƙara nauyi a kan kujera. A misalin da na bayar na kilomita 30 da mita 15, kusurwar ta kai kusan digiri 25. Wannan ne ɗan acaba yake yi dare da rana ba tare da ya sani ba. Akwai ma wani abu da yake yi wanda idan ka gaya masa zai musa: kafin ya kwanta dama, sai ya ɗan murɗa kan babur ɗin hagu na ɗan lokaci, tayoyin su fita daga ƙarƙashinsa, jikin babur ɗin ya faɗa dama, sannan kwanar ta fara. Wanda ya saba da babur ya hau keke a karon farko yakan rikice ne a nan, domin keke ba ya son wannan dabarar, inda ka murɗa nan yake nufa.

Hanya mafi sauƙi ta sa mai ƙafa uku ya karkata ita ce a raba shi biyu. Tayoyin baya biyu da injin su zauna a miƙe a kan hanya, gaban kuwa, da tayarsa ɗaya da kujerar direba, a haɗa shi da bayan ta wani maɗauri mai juyawa, yadda direba zai kwantar da shi da jikinsa kamar babur. Kamfanin BSA na Ingila ya fito da irin wannan a 1970, mai suna Ariel 3, bisa ƙirar wani injiniya George Wallis, amma kasuwa ba ta karɓe shi ba, kamfanin ya tafka asara a lokacin da dama yake tangal-tangal. Japanawa ne suka ga inda tunanin zai yi amfani. Honda ta fito da Gyro a 1982, da ƙaramin inji mai cc 49, sannan a 1990 ta ƙara wanda ke da rufi da gilashin gaba, Gyro Canopy, wanda ya zama abin hawan masu kai abinci da saƙo gida-gida a biranen Japan. A cikin maɗaurin akwai roba da ke matsewa idan jikin ya karkata, tana ɗan taimaka masa ya dawo tsaye, akwai kuma wani hannu da direba ke ja idan ya tsaya, ya kulle karkatar da tayoyin gaba ɗaya. Babu famfo, babu kwamfuta. A cikin duk ƙirar da zan ambata, wannan ce ta fi daɗewa ana sayar da ita, kuma ba na jin hakan tsautsayi ne.

Hanya ta biyu ita ce a sa tayoyi biyun a gaba, dukansu su karkata tare da jikin. Piaggio na Italiya, kamfanin da ya ƙera Ape a 1948, kakan keken da muke hawa yau, shi ne ya kai wannan kasuwa a 2006 da samfurin MP3. An rataye tayoyin gaban a kan sanduna huɗu da aka haɗa da kusoshi masu juyawa, biyu a kwance biyu a tsaye, ta yadda idan jikin ya kwanta, taya ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, dukansu suna manne da ƙasa, har zuwa digiri 40. Akwai maɓallin da ke kulle sandunan idan gudu ya ragu sosai, sai direba ya tsaya a danja ba tare da ya sauke ƙafa ba, da ya murɗa totur kuma kullin ya saki. Yamaha ta biyo baya da Tricity a 2014, sannan da Niken a 2018, babban babur mai injin cc 847 da ke kwantawa har digiri 45. Ribar wannan tsari tana wajen riƙe hanya. Babur yakan kayar da mai shi ne idan tayar gaba ta zame a kan yashi ko ruwa ko zubabben mai, amma idan tayoyin biyu ne, ɗaya na iya zamewa ɗaya ta riƙe. Duk wanda ya san yashin da ruwan sama ke kwasowa ya jibge a bakin kwalta da damina zai ga darajar wannan. Sai dai a san cewa irin waɗannan babura ne har yanzu, direba ne ke daidaita su, kuma Niken da ba shi da makulli zai faɗi idan aka sake shi. Nauyinsa kuma ya kai kilo 263, kusan kilo 50 fiye da ɗan'uwansa mai ƙafa biyu da suke da inji iri ɗaya.

Inda aikin ya yi wuya sosai shi ne lokacin da aka so a rufe abin hawan kamar mota, da ƙofa da sitiyari, direba ba zai sauke ƙafa ba, nauyin kuma ya fi ƙarfin jikinsa. A nan dole inji ya karɓi aikin karkatarwa. Mercedes-Benz ta nuna F 300 Life Jet a 1997, mai karkata har digiri 30, amma bai wuce baje koli ba. Carver na ƙasar Holan ya kai kasuwa: mutum biyu ne ke zama, ɗaya a bayan ɗaya, ƙarfin da direba ya sa a kan sitiyari ne ke buɗe wa man da famfo ke matsawa hanya zuwa silinda biyu, irin na jak, da ke tura ɗakin zaman har digiri 45, injin da tayoyin baya suna miƙe. Waɗanda suka tuƙa shi sun yaba, amma tsadarsa ta kai ta babbar mota, kamfanin kuma ya karye a 2009. Toyota ta nuna i-Road mai aiki da lantarki a 2013, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, aka gwada shi a birnin Grenoble na Faransa, shi ma bai zama abin da ake saye a kasuwa ba.

Akwai wata matsala a cikin irin wannan ƙira da ta fi ba ni sha'awa, wadda masu bincike a Jami'ar Bath ta Ingila suka yi fama da ita a kan ƙaramar motar gwaji mai suna CLEVER, aikin haɗin gwiwa da BMW da wasu cibiyoyin Turai. Silindar da ke tura ɗakin zama zuwa cikin kwana dole ta dogara da wani abu, abin da take dogara da shi kuwa shi ne sashen baya mai tayoyi biyu. Yayin da take tura ɗakin ciki, tana tura sashen bayan waje da ƙarfi daidai da wancan. A kwanar da aka shiga a hankali babu damuwa. Amma idan direba ya fizgi sitiyari don kauce wa wani abu, turin kwana yana zuwa nan take, ɗakin bai riga ya karkata ba, silinda kuma ta yi amfani da dukan ƙarfinta don ta cim masa, sai ƙarfin biyu su taru a kan sashen baya, tayar ciki ta nemi barin ƙasa. Wato na'urar da aka sa don hana kifewa ita ce ke taimaka wa kifewar a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Maganin da aka bi shi ne a ba kwamfuta iko a kan tayar gaba, ta jinkirta juyawarta ko ta ɗan murɗa ta baibai kafin kwanar, jikin ya faɗa ciki da kansa. An zagaya an dawo kan dabarar ɗan acaba, sai dai yanzu da na'urorin auna gudu da kusurwa, da batir da wayoyi, waɗanda ko wanne daga cikinsu ya mutu a kan hanya akwai magana.

To, shin za a iya sa Keke Napep na fasinja ya karkata? Ra'ayina shi ne a'a, kuma dalilin farko na awo ne tsantsa. Kujerar baya mai ɗaukar mutum uku a jere tana da faɗi, idan aka karkatar da ita digiri 25, gefenta na ciki zai sauka fiye da santimita 25, ya bugi taya ko ƙasa, sai dai a ɗaga kujerar sama, wanda ke ƙara tsayin cibiyar nauyin da ake neman saukewa. Shi ya sa duk masu karkata da aka ƙera siriri ne, fasinja a bayan direba. Dalili na biyu shi ne lodi. Mai karkata yana son nauyinsa ya zauna a tsakiya, shi kuwa keken haya, yanzu an sauke mutum a gefen dama, an jima an ɗauki wata mai buhun masara a gefen hagu, babu direban da zai daidaita rabin tan da ƙugunsa yana yi yana sauyawa. Sai an koma ga famfo da silinda, nan kuma tsada ta shigo, ga ƙurar hunturu da ke shiga kowane bushi da boris, ga zafin bazara da ke cin roba. Mai keken da ke jiran balas kowace yamma ba zai sayi abin hawan da bakaniken unguwa ba zai iya kwancewa da sifana ba, kuma yana da gaskiya. Abin da zai rage kifewar keken fasinja ya fi wannan arha nesa ba kusa ba: a bar kujerar direba ga direba, a daina lodi a kan rufi, a gyara shokozoban da suka mutu, domin wanda ya mutu yana barin jikin ya kwanta waje ya cinye ɗan faɗin da ya rage. Kekuna masu lantarki da suka fara shigowa ƙasar nan ma suna da wata dama, idan aka shimfiɗa batir a ƙasa sosai kusa da tayoyin baya.

Inda nake ganin karkata za ta yi mana aiki wuri biyu ne, dukansu kuma tsarin Gyro suke buƙata. Na farko shi ne ƙaramin abin ɗaukar kaya mai shiga lungu. Cikin tsohon gari akwai layukan da keken kaya mai buɗaɗɗen baya ba ya shiga, babur kuwa idan aka ɗaura masa jarkoki ko katan-katan ya zama abin tsoro. Honda ta taɓa yin samfurin da aka ɗora mazaunin kayan a kan sashen bayan da ba ya karkata, direba kaɗai ke kwantawa. Akwai kuma wata riba da ba a cika faɗa ba: idan tayar baya ɗaya ta faɗa rami ko ta sauka daga bakin kwalta, sashen baya ne kawai ke karkacewa, direba yana nan a miƙe, alhali a siririn keke maras maɗauri duk jikin ne ke bin ramin.

Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne baburan da masu walda ke mayarwa masu ƙafa uku saboda 'yan'uwanmu da shan-inna ko haɗari ya taɓa wa ƙafa. Aiki ne na taimako, kuma ya ba mutane da yawa damar neman na kansu, amma ta fuskar lissafi abin hawa ne mai haɗari, domin ana ɗaukar babur mai doguwar kujera da injin da zai iya kilomita 80, a ƙara masa tayoyi a baya da ƙaramar tazara, a hana shi kwantawar da aka ƙera shi dominta. Maɗauri mai juyawa zai iya dawo masa da ita. Sai dai wanda ba zai iya sauke ƙafa ba yana buƙatar makulli da zai kama kafin ya tsaya cak, ya kuma saki da zarar ya tashi, domin makullin da ya ƙi saki a kan gudu ya mayar da abin hawan siririn keke mai kifewa, wanda ya ƙi kamawa a tsaye kuma ya kayar da mutumin da ba shi da yadda zai tare. Birkin faranti na babur da aka ɗaura a kan maɗaurin, da hannu a kusa da yatsun direba, zai iya zama mafari, amma wannan ba abin da za a yi da ƙiyasi a bakin titi ba ne, aiki ne da ya dace da sashen injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, su zauna tare da masu waldan da suka san ƙarfen da ake samu a kasuwa. Garin da aka taɓa harhaɗa taraktoci da manyan motocin Steyr bai rasa hannun da zai iya wannan ba.

Ɗalibin da ke son farawa ba ya buƙatar ya ƙera komai tukuna, auna abin da ke kan titi ya fi gaggawa. A samu faffaɗan dandamali na katako ko ƙarfe, a ɗora keken a kai a tare tayoyinsa da ɗan guntun katako don kada su zame, a ɗaure shi da igiya mai sako-sako don kada ya faɗi gaba ɗaya, a sa buhunan yashi a madadin fasinjoji, sannan a riƙa ɗaga gefe ɗaya da jak har tayar sama ta rabu da dandamalin. Kusurwar da aka samu a lokacin ita ce ke nuna iyakar turin da keken zai jure a kwana: digiri 27 na nufin kusan rabin nauyinsa, digiri 22 na nufin kashi 40 cikin ɗari. A maimaita da buhu a gefen direba, a maimaita da buhu a kan rufi, a kuma yi wa babur ɗin da aka ƙara wa tayoyi irin wannan gwaji, kafin a sa masa maɗauri da kuma bayan an sa an kulle.